Bahagwanci da Iya Aiki da Hannu Biyu

Bahago shi ne wanda hannunsa na hagu ya fi na dama ƙwarewa wajen rubutu, jifa ko yanka. Kusan mutum 10 cikin 100 bahagwai ne, kuma maza sun ɗan fi mata yawa. Waɗanda hannayensu biyu ke aiki daidai wa daida ba su da yawa, kusan 1 cikin 100. Bahagwanci ba cuta ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba ne.

Daga ina yake samo asali?

Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, na dama kuma ya sarrafa na hagu. Zaɓin hannu yana farawa tun a ciki, domin hoton ciki kan nuna ɗan tayi yana tsotsar babban yatsan hannu ɗaya fiye da ɗayan. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na da hannu da kusan kashi 25 cikin 100. Yawancin yara kan nuna hannun da suka fi so tsakanin shekara 2 zuwa 3, ya zauna sosai kafin shekara 6.

Abin da makaɗa ke nuna mana

Kayan kiɗa da yawa na buƙatar hannu biyu, kowanne da aikinsa. Mai goge yana gogawa da hannu ɗaya, yatsun ɗayan na danna tsirkiya. Mai kalangu yana bugawa da ɗaya, yana matse igiyoyin da ɗayan don sauya amo. Paul McCartney na Ingila da Jimi Hendrix na Amurka sun kaɗa jita ta ɓangaren hagu, shi kuwa Mark Knopfler bahago ne amma yana kaɗawa irin na masu dama. A 1995 masu bincike a Jamus sun gano cewa gadar jijiyoyin da ta haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu ta fi kauri a makaɗan da suka fara koyo kafin shekara 7. Wato horo na ƙara wa hannu mai rauni ƙwarewa a aikin da aka koya masa, amma ba ya sauya hannun da mutum ya fi so.

Shawara ga iyaye da malamai

Ana iya koya wa yaro cin abinci, gaisawa da miƙa abu da dama cikin lallashi, kamar yadda addini da al'ada suka koyar, domin ayyuka ne masu sauƙi. Rubutu kuwa aiki ne mai buƙatar ƙwarewar yatsu. Duka ko ɗaure hannu ba ya mayar da bahago mai dama, sai dai ya jawo rubutun tsutsa da tsoron makaranta. A bar shi ya rubuta da hagu, a zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta abokin zamansa. A karkatar da saman takarda zuwa dama don kada hannunsa ya goge tawada a rubutun boko. A rubutun ajami ba ya samun wannan matsala, tunda daga dama ake farawa.

Yaushe za a ga likita?

Idan jariri bai kai shekara 1 ba amma kullum hannu ɗaya yake miƙawa, ɗayan na dunƙule ko a sake, wannan ba bahagwanci ba ne. Yana iya zama alamar rauni a ƙwaƙwalwa ko jijiyar kafaɗa da ta ji ciwo wajen haihuwa. A kai shi wurin likitan yara, domin fara motsa gaɓoɓi da wuri na taimakawa ƙwarai.

Idan babba ya ga farat ɗaya hannunsa ya yi nauyi, abu na kuɓuce masa, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, alamun shanyewar ɓarin jiki ne. A garzaya asibiti nan take, domin maganin narkar da gudan jini ana ba da shi ne cikin awa 4 da rabi na farko.

Karkarwa, sanƙarewa ko ƙanƙancewar rubutu a hankali a hannu ɗaya su ma na buƙatar binciken likita.