Tarihin Motar Ɗaukar Ingirici a Gonakin Amurka da Turai

A ƙasashen da hunturu yake rufe makiyaya da ƙanƙara har wata huɗu ko biyar, rayuwar shanu tana rataye ne a kan ingirici, watau ciyawar da ake yankewa lokacin zafi a shanya a adana. Aikin yana da ƙurarren lokaci. In ruwan sama ya daki ciyawar tana shanye a fili, sai amfaninta ya ragu. In kuma aka tara ta da danshi, sai ta yi fumfuna, wani lokaci ma ta yi zafi har ta kama da wuta. Saboda haka abin da ya daɗe yana damun manomi shi ne yadda zai kwashe kaya mai yawa cikin ƴan kwanaki, daga filin da babu hanya, sa'an nan ya sake kai shi ga dabbobi cikin taɓo da ƙanƙara.

Har zuwa shekarun 1930 dawakai da kekunansu ne suke yin yawancin wannan aiki. Akwai manyan motoci a lokacin, amma a yawancinsu tayoyin baya kaɗai inji yake juyawa, da zarar sun sauka daga titi sai su kafe. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya al'amarin, domin sojoji sun bukaci motocin da inji yake juya tayoyinsu duka huɗu, aka kuwa ƙera su da ɗimbin yawa. Da aka gama yaƙi a 1945, sai masana'antu suka juya ga manoma suna neman kasuwa.

A Amurka, kamfanin Dodge ya ɗauki tsarin motarsa ta soja ya fito da Power Wagon, wadda ta shiga kasuwa a 1946. Tana ɗaukar tan ɗaya, injinta na fetur yana da ƙarfin doki 94, kuma ana iya sa mata na'urar jan igiyar ƙarfe a gaba don ta fid da kanta in ta kafe. Har ila yau akwai sanda mai juyawa da take karɓar ƙarfi daga inji, wadda manomi zai haɗa da zarto ko famfon ruwa. Ba ta da gudu, ba ta da daɗin zama, amma an ci gaba da sayar da ita a Amurka, siffarta ba ta sauya sosai ba, har 1968.

A Jamus kuwa, wani injiniya mai suna Albert Friedrich, wanda a da yake ƙera injinan jiragen sama a kamfanin Daimler-Benz, ya tsara Unimog. Abin lura a nan shi ne daga gona ya fara aunawa, ba daga titi ba: ya sa tazarar da ke tsakanin tayoyin hagu da na dama ta zama mita 1.27, daidai da kunya biyu ta dankalin Turawa. Tayoyin huɗu girmansu ɗaya, an ɗaga cikin motar sama ƙwarai don kada ya taɓa kututture ko dutse, kuma direba yana iya kulle tayoyin su riƙa juyawa tare, yadda in ɗaya ta faɗa laka sauran za su ja. Injinta na dizal ƙarfin doki 25 ne kacal, amma tana ɗaukar tan ɗaya, tana kuma yin kilomita 50 cikin awa. An nuna ta a bajekolin noma na Frankfurt a 1948, Daimler-Benz kuma ya karɓi ƙirarta a 1951. A Ingila ma, cikin 1948 ɗin, kamfanin Rover ya fito da Land Rover bisa irin wannan tunani, sai dai ita ƙarama ce, ta fi dacewa da jan ƙaramar tirela.

Dukan waɗannan motoci buri ɗaya ne ya haife su, watau na'ura guda ta yi huɗa, ta yi dako, ta kuma kai mai ita kasuwa. Burin bai cika ba. Tarakta ta fi su iya huɗa, kuma da manoma suka sami abin hannu sai suka gwammace su sayi tarakta dabam, mota dabam. Power Wagon da Unimog suka ƙara samun masu saye a wajen sojoji da ma'aikatan daji da na kashe gobara.

Abin da ya sake sauya zaɓin manomi daga wajen kayan ya fito. Tun wajen 1940 ana ɗaure ingirici da inji cikin ƙananan dammuna masu kusurwa huɗu, kowanne kamar kilo 20 zuwa 25, wanda mutum ɗaya zai iya ɗagawa. A 1971 Gary Vermeer na garin Pella a jihar Iowa ya ƙera injin da yake naɗe ciyawa ta zama ƙaton dami mai kama da ganga, wanda nauyinsa yakan kai rabin tan ko fiye. Mutum ɗaya ya iya yin aikin mutane da yawa, amma dami biyu sun isa su cika tsohuwar motar tan ɗaya. Daga nan manoman Amurka suka koma ga manyan akori-kura masu jan doguwar tirela, waɗansunsu da tayoyi bibbiyu a kowane gefe na baya. Injin dizal ya biyo baya: Ford ya sa shi a irin waɗannan motoci a farkon shekarun 1980, Dodge kuma ya ɗauki injin Cummins a 1989.

To, amma kowane ƙari da asararsa. Tayoyi bibbiyu suna riƙe nauyi a kan titi, amma laka takan cushe tsakaninsu a fili mai danshi. Injin dizal yana da ƙarfin ja, amma nauyinsa yakan nutsar da gaban mota cikin taɓo. Mota mai nauyi tana danne ƙasa, ciyawar baɗi ta ragu a inda ta bi. Ingirici kuma kaya ne mai tsawo. In aka yi lodinsa sama a gangare, motar tana iya kifewa tun nauyin bai kai iyakarta ba, kuma birkin da ya isa tsai da mota kaɗai ba lalle ne ya tsai da ita da tirela ba.

Darasin da ɗalibin aikin gona da ma'aikacin da aka ɗora wa sayen motoci za su ɗauka shi ne bin tsarin da Friedrich ya bi. A fara duban ƙasar da motar za ta taka a mafi munin lokacin shekara, sa'an nan nauyin dami da yawansa, sa'an nan nisan tafiya, sa'an nan ko akwai makaniki da kayan gyara kusa. Ƙarfin inji da sunan kamfani su ne na ƙarshe, domin motar da ta kafe ko ta lalace ranar kwasar ciyawa, hadari kuma yana haɗuwa, ta jawo wa mai ita asarar abincin dabbobinsa na shekara guda.