Asalin Kalmar Modem

Modem kalma ce da aka harhaɗa a Turanci: an gutsuro farkon "modulator" da farkon "demodulator" aka liƙa su wuri guda. Sunan kuwa aikin na'urar yake faɗa. Layin tarho don ɗaukar murya aka yi shi, ita kuma kwamfuta da lambobi take magana. Sai na'urar ta mai da lambobin sauti a wannan ɓangare, 'yar uwarta ta warware sautin ya koma lambobi a wancan. Ƙarar nan da ake ji a da lokacin buga lamba don shiga intanet, gaisuwar na'urorin biyu ce. Kamfanin AT&T na Amurka ya fitar da Bell 103 a 1962, mai gudun bit 300 a daƙiƙa; zuwa 1998 an kai bit dubu 56.

Masu wasan kwamfuta na shekarun 1990, irin masu buga wasan harbi na Quake, sun raba kalmar gida biyu. Akwai cikakken modem mai ƙwaƙwalwar kansa, akwai kuma Winmodem mai araha, wanda ke jibga wa kwamfuta aikinsa. Na farkon suka fi so, kuma suna da gaskiya. Winmodem kan ƙara jinkirin saƙo, shi ne kuwa babbar matsala a wasa: kafin harbinka ya isa, abokin karawa ya riga ya goce.

A Kano ko Zariya kuwa, in an ce modem, ɗan abin nan mai ɗaukar sim ake nufi, wanda ake soka wa kwamfuta. Babu waya, babu ƙara, amma har yanzu juya saƙo yake yi, sai dai ta iska.