Bayani: Yadda haske ke buɗe wa lantarki hanya a cikin sinadaran Mott

A shekarar 1937 masana kimiyya biyu a ƙasar Holan, Jan de Boer da Evert Verwey, suka lura cewa sinadarin nikel oksayid ba ya barin lantarki ya ratsa shi, alhali lissafin zamanin ya nuna ya kamata ya bari kamar yadda tagulla ke yi. Nevill Mott na Ingila ne ya warware wannan ɗaurin a 1949, shi ya sa ake kiran irin waɗannan kayan da sunansa. An ba shi kyautar Nobel a 1977.

Bayaninsa shi ne, ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, wato ilektiron, suna tunkuɗe juna da ƙarfi. Kowace ta riƙe gurbinta, babu mai iya matsawa gurbin maƙwabciyarta. Lamarin ya yi kama da cunkoson hanyar Nyanya da safe: titi na nan, motoci na da mai, amma kowa ya tare kowa.

Idan aka harba wa sinadarin hasken leza, wasu ƙwayoyi kan tsallaka gurbin da akwai wata, su bar nasu fayau. Waɗannan tagwaye da guraben da aka bari su ne ke ɗaukar lantarki kafin su sake haɗuwa. Ana auna wannan motsi da femtosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Masu bincike kan aika walƙiya ta farko ta tayar da ƙwayoyin, ta biyu kuma ta biyo baya ta ɗauki halin da suke ciki. Da irin wannan dabara ɗan ƙasar Masar, Ahmed Zewail, ya samu Nobel a 1999.

Fitaccen misali a wannan fage shi ne banadiyam dayoksayid, wanda ke komawa mai ɗaukar lantarki da zafi ya kai kusan digiri 68 a ma'aunin Salshiyas, kuma leza na iya sauya shi cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa. Har yanzu masana na muhawara kan ko tunkuɗar ƙwayoyin ce ta fi tasiri a cikinsa, ko sauyin jerin atam. Ana fatan a samu makunnan kwamfuta masu sauri da ƙarancin cin wuta daga gare shi, da gilashin taga mai korar zafin rana.

A Abuja, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da aka kafa a 2007 na koyar da fiziks da kimiyyar kayan ƙere-ƙere a matakin digiri na biyu da na uku. Akwai kuma Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda a yankin Kwali. Irin waɗannan gwaje-gwaje na buƙatar leza mai tsada da wutar da ba ta yankewa, amma ɓangaren lissafin fannin ana yin sa ne da kwamfuta, kuma nan ne ƙofa mafi kusa ga ɗaliban Najeriya.