Akushin Salla a Ƙasar Mubi: Tarihin Abinci da Sunayensa

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce Salla bikin ɗaya rana, amma abin da ake ci a wannan rana ya ɗauki shekaru aru-aru yana haɗuwa. Wannan maƙala ta dubi abincin Salla a ƙasar Mubi, ciki har da gundumar Muchalla ta Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, inda Fali suke zaune. Manufarta ita ce nuna cewa kowane kashi na wannan abinci shaida ne na wani zamani.

2.0 Tushen Akushi

Dawa ita ce ginshiƙin abincin Fali da Gude da Nzanyi tun kafin jihadi. Daga baya gyaɗa, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta samu gindin zama, har kunun gyaɗa ya zama abin da aka san Adamawa da shi, musamman wajen buɗa-baki. Bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, Fulani sun kafa iko a Mubi, kuma ta nan Heinrich Barth ya ratsa a 1851 kan hanyarsa ta zuwa Yola. Fulani sun ƙara wa akushin nono da man shanu, sun kuma ba bukukuwan suna: juulde suumaye ita ce Ƙaramar Salla, juulde layha kuwa Babbar Salla.

3.0 Kayan Zaƙi da Sunayensu

Fatake da malamai daga ƙasar Hausa da Barno su ne suka yaɗa kayan zaƙi, sunayen kuma ba su ɓoye asalinsu ba. Alkaki daga Larabci al-ka'k yake, alkamar da ake yin sa da ita kuwa daga al-qamh. Alawa daga halawa take, gireba daga ghurayba. Ita kanta kalmar layya, tare da takwararta ta Fulatanci layha, daga al-udhiya suka samo asali. A nan harafin ma'arifa na Larabci ya narke cikin kalmar, kamar yadda ya faru a alƙali da littafi.

A da, waɗannan kaya na gidan sarauta ne da na attajirai da garar amarya, domin alkama ba ta da yawa, zuma kuma tana da tsada. Alkaki sai an tsima tsakin alkama ya yi tsami, a soya, a tsoma a zuma. Nakiya kuwa garin shinkafa ne da ake kirɓawa da zuma da man shanu da kayan yaji, tana iya yin watanni ba ta lalace ba.

Jamusawa sun mallaki Mubi a farkon ƙarni na 20, Ingilishi suka karɓe ta lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ta haɗe yankin da Jihar Arewa a matsayin Lardin Sardauna. Zuwan ma'aikata da 'yan kasuwa ya ƙarfafa Hausa, fulawa da sukarin kanti kuma suka maye gurbin tsaki da zuma. Da haka dubulan da cincin suka shiga gidan talaka, shinkafa ta fara ture tuwo.

4.0 Rabo

Abin da bai sauya ba shi ne rabo. Ana fitar da zakkar fidda-kai, mudun Annabi 4 a kan kowane mutum, kafin a tafi idi. Yara su kai tuwon Salla gida-gida, su karɓo goron Salla. Naman layya ma ana ci, ana kyauta, ana sadaka. A yankin da akan sami Musulmi da Kirista cikin zuri'a guda, akushin yakan tsallaka iyakar addini, ya dawo ranar Kirsimeti. Mamayar da Boko Haram ta yi wa Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, makonni kaɗan bayan Babbar Salla, ta tarwatsa wannan maƙwabtaka na ɗan lokaci.

5.0 Kammalawa

Abinci yakan ɓace tare da sunansa. Matan da suka iya alkaki irin na da suna ƙaranci, saboda haka akwai buƙatar manazarta su tattara sunayen abincin Salla a harsunan Fali da Gude da Fulatanci, su gano wanne aka ara, daga wa, kuma a wane zamani.