Razdan Burdon da Mutanen Satiru

Mu mutanen ƙasar Haɗejiya, daga Guri har birni, mun san 1906 da shekarar da Turawa suka kashe Sarki Muhammadu Mai Shahada. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne, makonni kaɗan kafin nan an shafe wani ƙauye a kudu da Sakkwato mai suna Satiru.

Mutanen Satiru talakawa ne da bayin da suka tsere wa iyayengijinsu. Sun yi imani da bayyanar Mahadi, suna bin Malam Isa da wani malami, Ɗan Makaho, wanda ya gudo daga yankin Faransa. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 suka tari sojojin da aka turo musu da gatura da fartanya, suka kashe Turawa 3 da sojoji sama da 20.

Razdan na lardin Sakkwato, Manjo Burdon, ya kama hanyar tafiya hutu, sai ya juyo. Shi ya riƙa aika wa Gwamna Lugga rahoto, kuma rahotanninsa suka raba jama'a gida biyu: Sarkin Musulmi Attahiru II da hakimansa masu biyayya ne, mutanen Satiru kuwa 'yan tawaye. Ranar 10 ga Maris sojoji suka faɗa wa garin da bindigogi masu aman wuta, aka kashe kimanin mutum 2,000. Aka kwashe mata da yara, aka yanke wa Ɗan Makaho hukuncin kisa a Sakkwato, aka hana kowa sake zama a wurin. Sarkin Musulmi ya sami lambar girma ta Ingila, Sarkin Gwandu kuma aka tuɓe shi bisa zargin goyon bayansu.

Ba a nan kaɗai aka ga haka ba. A Indiya, mabiya addinin Sikh har gobe sunan Wazir Khan suke kamawa, gwamnan Sirhind da ya sa aka kashe ƙananan 'ya'yan jagoransu 2 a farkon ƙarni na 18. Sarki yana nesa; wakilinsa ne ke nuna wanda za a taɓa.

Ranar 25 ga Afrilu Turawa suka afka wa Haɗejiya. Sarkinmu ya bar suna da kabari. Na Satiru sun bar kufai, kuma yawancin abin da aka sani game da su daga takardun waɗanda suka murƙushe su ya fito. Idan muna yi wa Mai Shahada addu'a, ya kamata mu sa su ciki.