Filin Sukuwa na Kaduna da Yadda Aka Riƙe Shi

Kowane gari a ƙasar nan, babba ko ƙarami, yana da wani sarari wanda ba a noma shi, ba a yin gini a kansa, ba kuwa mai iya cewa gadonsa ne. A nan yara su ke wasa, samari su gwada ƙarfi, manya su taru ran salla ko ran wani sha'ani. Sa'ad da ƙasa ta ke da yalwa, samun irin wannan fili abu ne mai sauƙi. Riƙonsa shi ne aiki, gama abin da aka ce na kowa ne, in ba a yi hankali ba, sai ya rasa mai kula da shi. Za mu ba da tarihin fili guda, watau Filin Sukuwa na Kaduna, wanda yanzu a ke kira Dandalin Murtala, don mai karatu ya ga abin da ke raya filin jama'a da abin da ke kashe shi. Amma kafin nan, ya kamata mu san yadda kakanninmu suka riƙe nasu.

Dandali a Zamanin Da

Tun kafin zuwan Turawa, filin wasa na ƙasar Hausa shi ne dandali. Ƙasar tana hannun sarki, shi kuwa ya danƙa ta ga hakimi, hakimi ga dagaci, dagaci ga mai unguwa. Saboda haka in mutum ya matso da dangarsa cikin dandali, ko ya haƙa ƙasar gini a tsakiyarsa, an san wanda za a kai wa ƙara, an kuma san zai kira mai laifin ya tsawata masa a gaban dattawa.

Wasan kansa kuma yana da shugabanni. Akwai Sarkin Samari, wanda ke tara matasa su yi gayya, su share fili, su cire ƙaya, su cike ramukan da ruwa ya haƙa. Akwai Sarkin Dambe, gama dambe wasan mahauta ne tun asali, da kalangu a ke yi musu kiɗa. Shi ke haɗa 'yan dambe tsara da tsara, shi ke raba su in abin ya nemi ya zama faɗa. 'Yan kokawa suna da nasu manya, 'yan mata masu gaɗa suna da tasu shugaba. Lokaci ma an raba shi. Da damina kowa yana gona, fili ya huta, ciyawa ta tsiro. Da kaka, in amfani ya zo gida, sai kiɗa ya tashi. In an yi rasuwa a unguwa, a kan dakatar da wasa don girmama masu makoki.

Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idodi ba, amma kowa ya san su. Ka lura da abu uku a nan: akwai mai tsaron iyaka, akwai mai raba lokaci, masu wasa kuwa su ne masu gyara. Ka riƙe su a zuci, za mu sake gamuwa da su.

Kafa Kaduna

Kaduna sabon gari ne in an gwada shi da Kano ko Katsina ko Zariya. Kafin a kafa shi, Turawa a Zungeru suka ajiye hedkwatar Arewa. Bayan hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, Gwamna Lugga ya ga ya kamata a koma wurin da ya fi zama tsakiya, ga ruwa, ga jirgi. Aka zaɓi bakin kogin Kaduna, aka fara kai soja, sa'an nan a 1917 gwamnati ta ƙaura gaba ɗaya.

Turawan wancan zamani suna da wata doka wajen tsara gari. Su kan bar sarari mai faɗin yadi 440, watau rubu'in mil, tsakanin unguwarsu da ta baƙar fata, ba a yarda kowa ya yi gini a ciki ba. Hujjarsu ita ce tsoron sauro da zazzaɓi, ko da ya ke akwai son keɓe kai a cikin al'amarin. A garuruwa da dama, irin wannan sarari shi aka mai da wurin wasa. Ban da wannan kuma, hafsoshin soja mutane ne masu son doki, duk inda suka yi bariki sai sun nemi wurin sukuwa. Don haka da aka zana Kaduna, aka ware babban fili a ɓangaren gwamnati, kusa da inda daga baya aka gina majalisar da a ke kira Lugard Hall. Shi ne Filin Sukuwa.

A farkon al'amari, filin na gwamnati ne a takarda, amma masu morarsa 'yan kaɗan ne. Kulob na Turawa ke shirya wasa, su ke tara kuɗi a tsakaninsu, su ke ɗaukar leburori masu yankan ciyawa. Talaka ya kan shiga ne a matsayin ɗan doki ko lebura, in kuwa kallo ya kawo shi, ya tsaya daga gefe. An tsare filin ƙwarai, an gyara shi ƙwarai, sai dai ba a iya kiransa dandali ba tukuna, tun da ƙofarsa ba a buɗe ta ke ga kowa ba.

Ƙwallon Dawaki

Wasan da ya fara haɗa sarakunanmu da wannan fili shi ne ƙwallon dawaki, wanda a ke kira holo. Mutum huɗu ne a kowane gefe, kowa bisa doki da doguwar sanda, filin kuwa tsawonsa yadi 300. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya rungumi wasan, ya sa 'ya'yansa da yaransa suka koya. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gaje shi ya zauna har 1981, ya zama gwanin da aka san sunansa har ƙasashen waje. Jikansa Hassan Usman Katsina, wanda ya riƙe gwamnan Arewa na soja a 1966, shi ma ɗan holo ne. A Kaduna a ke gasar babban kofin nan da a ke kira Kofin Jojiya, wanda aka fara nema tun 1919.

Holo ya koya wa masu riƙon filin abin da duk mai doki ya sani, watau kofato yana cin ƙasa. Bayan kowane wasa dole a bi fili a mai da ƙasar da dawaki suka tone, a daddanne ta, in ba haka ba gobe doki ya yi tuntuɓe ya karya ƙafa, ko ya ka da mahayinsa. Da rani kuma ƙasa ta kan bushe ta yi tauri, sai an nemi ruwa. Wannan aiki na kullum ne, kuɗinsa ma na kullum ne.

Manyan Tarurruka

A watan Fabrairu na 1956 Sarauniyar Ingila, Elizabeth ta Biyu, ta zo Kaduna. Gwamnan Arewa a lokacin shi ne Sharwood-Smith, wanda Hausawa suka laƙaba wa Mai Wandon Ƙarfe, Firimiya kuwa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Aka shirya mata hawan daba a Filin Sukuwa. An taɓa yin irinsa a Kano a 1925 don ɗan Sarkin Ingila, amma na 1956 ya tara sarakunan lardunan Arewa wuri ɗaya. Kowace En'e ta shirya nata ayari, da 'yan lifidi da 'yan sulke da masu kakaki da algaita. Na nesa sun yi makonni a kan hanya. Aka kafa musu zango, aka tanadi harawa da hatsi da ruwa, aka tsara wanda zai bi wani, gama sarakuna ba su shiga fili a hargitse, kowa da matsayinsa.

A ran 15 ga Maris 1959 Arewa ta sami mulkin kai, aka yi bikin a watan Mayu, aka sake yin hawan daba a wannan fili. Daga nan filin ya zama wurin da jama'a ke ganinsa nasu ne. Gwamnatin Sardauna kuma ta lura fili ɗaya ba zai ɗauki doki da ƙwallon ƙafa da guje-guje duka ba, sai ta gina babban filin wasa dabam, wanda ke ɗauke da sunan Ahmadu Bello. A can aka buga waɗansu wasannin gasar duniya ta matasa a 1999 da 2009.

A 1967 aka raba Arewa jihohi shida, riƙon Filin Sukuwa ya koma hannun jihar da Kaduna ta faɗa ciki. Bayan an kashe Janar Murtala Muhammed ran 13 ga Fabrairu 1976, aka sa wa filin sunansa. A 1977, lokacin bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas, Kaduna aka ba hawan daba, har aka gina babban otal na Durbar kusa da filin don saukar baƙi. Shekaru da dama kuma a nan aka riƙa cin kasuwar baje koli ta duniya, kafin a gina mata mazauni nata a kan hanyar Zariya.

Wa Ke da Filin?

Doka ta amsa wannan tambaya tun da daɗewa. A 1910 Turawa suka yi shelar cewa ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa baki ɗaya. Majalisar Arewa ta sabunta dokar a 1962. A 1978 gwamnatin soja ta kafa dokar amfani da ƙasa ga Nijeriya duka, wadda ta ce ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamnanta, amana ce, don amfanin dukan 'yan Nijeriya. An kuma ɗaure ta cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999.

To, kalmar da ta fi nauyi a nan ita ce amana. Gwamna ya tsaya a inda sarki ya tsaya game da dandali. Amma hannun da ke da ikon tsare fili, shi ne kuma ke da ikon sa hannu a ba da shi. Yayin da gari ya cika, taƙi ɗaya na ƙasa ya yi tsada, masu neman fuloti su kan dubi filin wasa su ce ai zaman banza ya ke yi. A garuruwa da yawa ta haka filayen unguwa da na makarantu suka salwanta: yau a yanki kusurwa a yi shago, gobe a yi gareji, jibi yara su koma buga ƙwallo a kan titi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wahalar Riƙo

Dandalin Murtala ya tsira daga wannan, ko da ya ke ya sha nasa wahala. Dubi masu bukatarsa: ɗan holo yana son ciyawa mai laushi, ɗan ƙwallo yana son wuri kowace yamma, soja da 'yan makaranta suna son fareti, 'yan siyasa suna son taro, mai kasuwa yana son kafa rumfa. Taro guda da motoci da turakun rumfa ya isa ya ɓata gyaran wata uku. In ba a rubuta ranar kowa ba, ba a kuma ɗora wa mai ɓarna kuɗin gyara ba, mai ƙarfi shi zai cinye rabon maras ƙarfi.

Abin da ya tsare filin shi ne ba a taɓa daina shigarsa ba. Wurin da dubban mutane ke taruwa kowace shekara, mai son yankarsa ya kan ji nauyin idon jama'a. Gwada shi da otal ɗin Durbar. An kashe masa dukiya mai yawa, amma da aka shiga jayayya a kan mallakarsa sai ya daɗe a rufe, ya lalace, har aka rushe shi a 2020. Filin kuwa, wanda yawancinsa ƙasa ce da ciyawa, yana nan. A zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, aka yi masa babban gyara, aka ƙara wuraren wasanni da na shaƙatawa.

Sabon gini kuwa yana zuwa da sabuwar tambaya. Fitila da famfo da masu gadi duk suna cin kuɗi. In an ce kome kyauta ne, wurin ya lalace don rashin abin gyara. In an tsananta kuɗin shiga, sai a koma zamanin kulob, ɗan talaka ya tsaya daga gefe yana leƙe. Hanyar tsakiya ita ce mai taron kasuwanci da mai babbar gasa su biya, a bar wani yanki da waɗansu sa'o'i a buɗe ga kowa.

Abin da Za Mu Ɗauka

Kai mai karatu, wataƙila garinku ba shi da filin sukuwa, amma yana da dandali ko filin makaranta. Abu ukun nan na kakanninmu su ne magani har yau, sai dai yanzu a haɗa su da alƙalami, tun da Allah ya sa ka iya karatu da rubutu. Ku nemi hukuma ta auna filin, ta kafa duwatsun iyaka, a rubuta cewa na jama'a ne, a ajiye takardar inda kowa zai iya gani. Ku naɗa kwamiti wanda ya haɗa mai unguwa da malamin makaranta da wakilan samari da na mata, su rubuta ranar kowace ƙungiya, su manna a fili. Kowane kuɗi ya shigo a ba da rasit, a shigar da shi littafi, a karanta lissafin a gaban jama'a ƙarshen shekara. Kafin damina da bayanta kuma a kira gayya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Waɗanda suka riga mu sun bar mana sarari, alhali suna iya nome shi ko su gine shi. Allah ya ba mu ikon miƙa shi ga na bayanmu ba tare da ya ragu ko da taƙi ɗaya ba. Amin.