Yadda Jirgi Mai Farfela Ɗaya Ya Ƙi Mutuwa a Zamanin Jet

A ranar 7 ga Oktoba 1963, ƙaramin jirgin nan Learjet 23 ya yi tashinsa na farko a birnin Wichita na Amurka. Injinan jet biyu gare shi, kuma gudunsa ya haura kilomita 800 a sa'a. Tun daga nan masu hannu da shuni suka fara kallon farfela a matsayin tsohon yayi. To amma yau, bayan fiye da shekara 60, jirage masu farfela ɗaya na cikin waɗanda aka fi nema a kasuwar jiragen kashin kai. Me ya faru?

Labarin ya faro ne daga Kanada, inda kamfanin Pratt & Whitney ya ƙera injin PT6 da ya shiga aiki a 1964. Cikinsa irin na jet ne: yana zuƙar iska, ya matse ta, ya ƙona mai. Sai dai maimakon iskar mai zafi ta fita ta baya ta tura jirgin, ana sa ta juya wata fanka ce, ita kuma ta juya farfela. Wannan shi ne turboprop. Farfela na tura iska mai yawa a hankali, jet kuwa iska kaɗan yake turawa da gudun tsiya. Matuƙar ba a neman gudu sosai, hanyar farfela ta fi cin mai kaɗan.

Matsalar ita ce tsoro. Tun zamanin injinan fistin, masu yawan lalacewa, hukumomi suka tsaya a kan cewa duk jirgin hayar da zai ɗauki fasinja cikin gajimare sai mai inji biyu. Sannu a hankali PT6 ya nuna ba kasafai yake mutuwa a sama ba, sai kamfanoni suka yi ƙundunbala. A 1988 jirgin TBM 700 ya tashi a Faransa, a 1991 kuma Pilatus na ƙasar Suwizalan ya tayar da PC-12. Doka ta biyo baya da jan ƙafa: Amurka ta sassauta a 1997, Tarayyar Turai kuwa sai 2017.

Ɓangaren jet ma bai zauna ba. A 1998 Vern Raburn, tsohon ma'aikacin Microsoft, ya kafa kamfanin Eclipse da alƙawarin sayar da ƙaramin jet mai inji biyu a ƙasa da dala miliyan ɗaya. Mutane suka yi rububin biyan kuɗin kafin alƙalami. Da aka zo ƙira sai lissafi ya ƙi, farashi ya haura dala miliyan biyu. A Satumban 2008 babban abokin cinikinsa, DayJet, ya daina aiki, wata biyu bayan haka Eclipse ya durƙushe, bayan ƙera jirage kimanin 260. Shi kuwa PC-12, a 2023 aka miƙa na 2,000 ga mai shi.

Bari mu ɗan yi lissafi. PC-12 na gudun kusan kilomita 530 a sa'a, ƙaramin jet irin Phenom 100 na kamfanin Embraer kuma kusan 750. A tafiyar kilomita 600, na farko zai ci minti 68, na biyu minti 48. Wato minti 20 kacal ne tsakani, kuma idan aka cire lokacin hawa da sauka tazarar za ta ƙara raguwa. Ga shi mai farfela na sauka a gajeren titi, har na tsakuwa ko ciyawa, shi ya sa likitocin Royal Flying Doctor Service ke zuwa ƙauyukan Ostareliya da shi.

Kar mai karatu ya ɗauka jet ba shi da ranarsa. Yana hawa ƙafa 41,000, sama da yawancin hadari, alhali PC-12 iyakarsa 30,000. A doguwar tafiya kuma mintocin nan kan taru su zama sa'a guda ko fiye. Sannan in inji ɗaya ya mutu, mai biyu zai ci gaba da tafiya, mai ɗaya kuwa sai matuƙi ya bar fikafikai su gangaro da shi yana neman wurin sauka. A tsakiyar teku ko da dare a kan duwatsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu kowane ɓangare na aron dabarar ɗan'uwansa. A 2016 aka amince da Vision Jet na kamfanin Cirrus, jet mai inji ɗaya tal da laimar da ke sauko da jirgin gaba ɗaya in an shiga uku. A 2017 kuma Pilatus ya samu lasisin PC-24, jet mai sauka a titin da ba kwalta. Don haka kafin a tambayi wanne ya fi, sai a fara duba nisan tafiyar, da irin titin da ke jira a can, da abin da ke ƙasa idan inji ya yi shiru.